Mas'alar Makwancin Jariri, Da Abin Da Na Gano Wajen Neman Gado Mai Araha

Ina roƙon aron hankalinku a kan wata magana wadda galibi mu maza mu kan bar wa mata, watau inda jariri zai kwana. Na san wani zai ce, me ya haɗa malamin allo da gadon jinjiri? Abin da ya haɗa mu shi ne, 'yata ta zo gida wankan haihuwar fari, jikana yana kwance a ɗakin uwargidana yanzu haka, kuma kafin a kai ga wannan kwanciya sai da na yi kwana uku ina yawon kasuwannin Kano, na kuma yi tambaya a asibiti.

Asalin abin kuwa, surukina, yaro mai kunya, ɗan kasuwa a Kantin Kwari, shi ya aiko ƙanensa tun ana saura kwana huɗu suna. Yaron ya durƙusa a zaure ya ce, "Baba, Yaya yana gaishe ka. Ya ce ya ga wani gadon jariri a kanti, na ƙasar waje, mai labule da taya da waɗansu 'yan tsuntsayen roba masu juyawa, yana so ya sa a kawo." Na tambayi kuɗinsa. Da ya faɗa, na lissafa, sai na ga ya fi kuɗin ragon sunan, ga shi kuwa na san yadda ciniki ya ke bana, na san ba za a sayi wannan gado ba sai da bashi. Na ce, "Ɗana, koma ka ce masa na gode, Allah ya yi albarka, amma ya dakata mini kwana uku." Ciyad da ɗa da tufatad da shi da ba shi wurin kwana wajibi ne a kan uba gwargwadon halinsa. Labule da tsuntsayen roba ba su cikin wajibin.

Da na shiga gida na ba uwargida labari, sai ta ce, "Malam, ni da na goyi takwas, wanne daga ciki ya kwanta a gadon kanti? Ɗa a jikin uwarsa ya ke kwana." Ban yi mata musu ba, domin haka muka tashi muka tarar, kuma kusantar uwa alheri ce ga mai shan nono. Sai dai na tuna mata cewa ɗakin da ta yi goyonta na fari ba shi ne ɗakin yau ba. Iyayenmu a tabarma su ke kwana, ko gadon kara, ko na tukurwa, ko gadon ƙasa, duka masu tauri, ba inda fuskar yaro za ta nutse. Yau kuwa katifar soso ce mai kauri wadda babban mutum ma in ya hau sai ta lotsa, ga manyan barguna, ga matasan kai huɗu ko biyar, ga uwa ta kwana biyu ba ta runtsa ba, wani lokaci ga yayan jaririn ɗan shekara biyu yana birgima a gefe.

Ku malamai kun san wannan haɗari ba baƙo ba ne a wurinmu. A littattafan fiƙihun Malikiyya akwai mas'alar macen da barci ya ɗauke ta, ta danne ɗanta ya mutu, an sa ta cikin babin kisan kuskure, diyya a kan danginta, kaffara a kanta. Mun karanta, mun karantar, amma kaɗan ne cikinmu suka shiga gida suka duba yadda jikokinsu su ke kwana. Ni kaina an taɓa tashe ni da asuba, cikin hunturu, shekarun baya, in yi wa ɗan wani maƙwabci salla, yaro ɗan wata biyu, lafiyayye, ya sha nono da dare, da gari ya waye aka yaye bargo aka tarad da shi kife. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka ya ke. Amma kukan uwar nan, tana cewa ita ta lulluɓe shi don kada ya ji sanyi, har yau bai fita daga kunnena ba.

Saboda haka kafin kasuwa sai na fara da asibitin da aka yi haihuwar, na sami malamar da ke duba masu jego, na ce ta karantad da ni kamar yadda na ke karantad da ƙolo. Abin da ta gaya mini gajere ne. Likitoci suna da wata aba da su ke kira mutuwar fuju'a ta jarirai, watau yaro ya kwanta lafiya ba ya tashi, ta fi aukuwa tsakanin wata 2 zuwa wata 4, kuma mafi yawanta kafin wata 6 ne. An gano kwantad da jariri rub da ciki yana ƙara wannan haɗari ƙwarai. A Ingila a 1991, da Amurka a 1994, hukuma ta yi yekuwa cewa a riƙa kwantad da jarirai rigingine, cikin 'yan shekaru irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Watau a kwantad da shi a bayansa, a shimfiɗa mai tauri, miƙaƙƙiya, wadda ba tudu ba kwari, ba matashin kai, ba tarin tsummoki, makwancinsa daban amma a ɗakin uwarsa, kusa da hannunta, har ya yi wata 6 aƙalla. Kuma kada mai shayarwa ta bari barci ya sace ta da yaro a kan kujerar kushin, wannan ya fi gado haɗari.

Da wannan karatu na je na ga gadon da surukina ya yaba. Kai, yana da kyau! Amma abin da aka ɗora wa kuɗin shi ne abin da malamar ta ce a cire. An kewaye cikinsa da matasai masu laushi wai don kada yaro ya bugu, an sa ɗan filo mai ado, katifar kuwa in ka danna sai hannunka ya nutse. Irin waɗannan matasan gefe, da makwancin jariri mai jingine kamar kujerar malam, Amurka ta kafa dokar hana sayad da su a 2022, saboda jariran da numfashinsu ya toshe a ciki.

Daga nan na leƙa masu kayan gwanjo, inda araha ta ke. A nan ina jan hankalin 'yan'uwa masu sayen dila. Akwai wani irin gado wanda gefensa ɗaya ya ke sauka ya hau kamar ƙyaure, don uwa ta ɗauki yaro ba wahala. In ƙarafunan da ke riƙe da gefen nan suka saki, sai ya buɗe rata tsakaninsa da katifa, yaro ya zurma ya maƙale. Bayan da yara fiye da 30 suka mutu ta wannan hanya, Amurka ta haramta ƙera shi da sayad da shi, sabo ko tsoho, a 2011. Abin da aka hana a can yana iya faɗowa cikin kayan da a ke jibgo mana, kuma na ga mai kama da shi da idona. Wanda ya san aibin haja, Shari'a ta ɗora masa ya bayyana wa mai saye, wanda bai sani ba kuwa ga shi yanzu ya sani. Ban ce duk gwanjo a guje shi ba. In gefunansa a kafe su ke, notinansa sun cika, bai yi girgiɗi ba in an jijjiga shi, to, a saya, a wanke, a shanya a rana saboda kuɗin cizo, amma a yar da tsohuwar katifar a yanko sabuwa.

Na gadon ƙarfe, aikin masu walda, ban daɗe a kansa ba. Yana da ƙarko, gara ba ta cinsa, sai dai a shafa hannu a duk mahaɗa a ji ko akwai kaifi ko tsatsa.

A ƙarshe wurin kafinta na tsaya, a nan unguwarmu, bayan na biya ta 'Yan Katako a Na'ibawa na ga farashin katako da kaina. Ƙawo da maɗaci sun fi ƙarko, sun fi tsada da nauyi. Malaina ta fi sauƙi, kuma ta isa ɗaukar yaro, muddin ta bushe sarai, domin ɗanyen katako ya kan kanɗare ya tsage bayan an haɗa. Kafintan ya ce, "Allah gafarta Malam, wane zane za a yi masa a kai?" Na ce ba zane, ga dai takarda. Abin da ke cikin takardar kuwa, ku rubuta ku ajiye.

Tsawon ciki santimita 120, faɗi 60. Rata tsakanin sanda da sanda kada ta wuce santimita 6, watau kimanin faɗin yatsu uku na babban mutum, kuma in gwangwanin lemo ya wuce ta tsakani, ratar ta yi yawa. Hikimar ita ce jikin jariri yana iya zurarewa ta inda kansa ba zai bi ba, sai ya rataye. Tsayin gefe daga inda katifa ta ke zama zuwa sama kamar santimita 66, don in ya fara tsayuwa kada ya tsallako. Kada a huda wani ado a allon kai ko na ƙafa, kada a bar ƙahoni a kusurwa huɗu inda riga za ta sarƙe. A ɗaure da noti da gam, kada a dogara ga ƙusa kaɗai, a goge ko'ina da sanfefa har tafin hannu ya bi ba tsartse.

Sai maganar fenti, wadda muka ɗan yi gardama a kanta, shi yana so ya shafa ja da rawaya don aikinsa ya yi kyan gani. Yaro in haƙori ya fara fito masa, bakin gado ya ke gwagwiya. Waɗansu fentin mai kuwa akwai dalma a cikinsu, shi ya sa Amurka ta hana irinsu a gidaje da kayan yara tun 1978. Mu ba sai an ba mu labarin dalma ba. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, yara wajen 400 suka rasu saboda ita. Ta can daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, ba daga fenti ba, amma gubar ɗaya ce, kuma wanda bai mutu ba ta kan taɓa masa ƙwaƙwalwa har abada. Na ce a bar katakon yadda Allah ya yi shi. Kuɗin fentin ma ya ragu.

Katifa a wurin masu yankan soso na sa aka yanko, mafi tauri da su ke da shi, daidai awon gadon. In fiye da yatsu biyu sun shige tsakaninta da katako, ta yi kaɗan. Ledar da a ke naɗo sabuwar katifa a ciki, wadda mata ke son bari saboda fitsari, a yage ta a fitar, ta kan manne a hancin yaro. A ɗinka mata riga ta roba mai kauri, a ja zane a kai a soke shi tam.

Abin da ba a yin rowa a kansa shi ne gidan sauro. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzabin cizon sauro a duniya a Nijeriya su ke, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 5 ya fi kashewa. A sami mai magani, in sabo ne a shanya shi a inuwa kwana ɗaya, a ɗaure shi sama a soke gefunansa, kada ya sauko kan fuskar yaro. Da hunturu kuma, a sa masa tufa mai ɗumi maimakon a binne shi a bargo, in an rufa kada ya wuce ƙirji, a riƙa taɓa ƙeyarsa, in da gumi a rage. Kaskon gawayi na mai jego kada ya kwana a rufaffen ɗaki, iskar da ya ke fitarwa ba ta da wari amma tana kisa.

To, wanda ko na kafinta ya fi ƙarfinsa fa? Kada ya ji kunya. A ƙasar Finlan, tun 1938 hukuma ta fara ba matan talakawa kwali cike da kayan jariri, a 1949 aka mai da shi na kowace mai ciki in ta je awo, kuma kwalin da 'yar katifarsa shi ne gadon fari na yara da yawa a can, har na masu hali. A ƙasar Niyu Zilan, mutanen Mawori sun saƙa wani ɗan kwando na ganye mai shimfiɗaɗɗen gindi, a kan ajiye shi a gadon iyaye, uwa na kusa amma ba ta danne yaro. Masu saƙar kaba namu ba za su kasa yin irinsa ba in an nuna musu. Ko kwando ne, ko aljihun durowa da aka zaro aka ajiye, in gindinsa miƙaƙƙe ne mai tauri, ya isa har yaro ya fara juyawa da kansa. A dai kiyaye shi daga damshi da kunama da dabbobin gida, kada kuma a aza shi a kan tebur.

Saura ɗaya, wadda ta shafe mu malamai. Da aka kawo gadon, na tarar uwargida ta rataya wata laya da dogon zare a jikin sandar kai, irin wadda ni da hannuna na sha rubutawa. Na kwance ta na rataye a ƙusar bango, can sama inda hannu ba ya kai, na ce kada a bar wani zare ko igiya a wuyan yaron ko a gadonsa in zai yi barci. Ta dube ni ta ce, "Malam, yau kai ne da kanka?" Na ce ni ne.

Gado da katifa da gidan sauro duka ba su kai sulusin kuɗin na kanti ba. Ragowar na sa ƙanen surukina ya mayar masa, na ce a sayi abincin mai jego, a ajiye na mota don kai yaron allurar rigakafi. Kafintan kuwa ya roƙe ni takardar awon, ya manna ta a bangon shagonsa.