Wget: yadda ake sauke manyan fayiloli inda rezo ke yawan yankewa

Fayil ɗin da ake shigar da Ubuntu 24.04 da shi ya haura giga 5. Kundin Wikipedia na Faransanci da Kiwix ke rabawa domin karatu ba tare da intanet ba, idan da hotunansa, giga gommai ne. Ga mai ɗakin intanet a Garwa, ko malamin makaranta a Njamena da ke son ajiye wa ɗalibansa littattafai, sauke irin waɗannan kaya kasada ce. Aiki zai kai kashi 90 cikin 100, wuta ta ɗauke ko rezo ya gudu, sau da yawa kuma sai an koma farko, kuɗin data sun bi ruwa.

Akwai wata tsohuwar manhaja da aka gina domin irin wannan yanayi, sunanta Wget. Hrvoje Nikšić, ɗan ƙasar Kuroshiya, shi ya fitar da ita a 1996, da farko da sunan Geturl, yanzu kuma tana ƙarƙashin shirin GNU. Kyauta ce. Ba ta da maɓallan dannawa: ana buɗe tagar rubuta umarni, a rubuta wget, a bi ta da adireshin fayil. Tana aiki da HTTP da HTTPS da FTP. Yawancin nau'o'in Linux da ita suke zuwa, a wayar Android kuma ana samunta cikin Termux da umarnin pkg install wget. Masu Windows su lura: a tsohon PowerShell, kalmar wget laƙabi ne kawai na wani umarni daban, kuma zaɓuɓɓukan da za a ambata a nan ba sa aiki a kansa.

Ƙarfin manhajar yana cikin ƴan haruffan da ake maƙala mata tsakanin sunanta da adireshi. Wanda ya fi kowanne amfani shi ne -c:

wget -c https://example.org/kundi.iso

Da wannan harafi, Wget kan duba guntun da ke kan kwamfuta, ta ga inda ya tsaya, ta roƙi uwar garke ta turo saura kawai. Idan giga 4 sun riga sun sauka cikin 5, giga 1 ne zai ci data. In aka mance da shi, ba za ta taɓa guntun ba, sai ta fara sabo gefensa da sunan kundi.iso.1, a biya kuɗi sau biyu. Muddin Wget tana kan aiki, ita da kanta take ci gaba bayan yankewa. Amfanin -c yana zuwa ne idan an rufe ta, ko kwamfuta ta mutu, aka dawo washegari.

Sai dai -c yana da sharuɗɗa biyu. Dole uwar garken ta yarda da aiko yanki, kuma ba kowace ce ke yarda ba. Na biyun ya fi haɗari: Wget girman fayil kawai take dubawa. Idan masu shafin sun sauya fayil ɗin amma suka bar masa sunansa, za ta ɗinka wutsiyar sabo a jikin tsoho, a samu abin da girmansa daidai ne amma ba ya buɗewa. Shi ya sa masu rarraba Linux ke wallafa lambar tantancewa. Umarnin sha256sum kundi.iso zai fitar da lambar, a kwatanta ta da ta shafin kafin a zuba fayil ɗin a kebul.

Sannan akwai batun haƙuri. Bisa tsarinta na asali, Wget kan gwada sau 20 kafin ta haƙura. Zaɓin -t 0 yana cire wannan iyaka. Haka kuma idan bayanai suka daina zuwa ba tare da layin ya yanke ba, takan zauna jira har daƙiƙa 900, wato minti 15 cur, kafin ta gane babu abin da ke tafe. Da -T 30 jiran ya koma rabin minti. Shi kuwa --waitretry=60 yana tsara hutu tsakanin gwaji da gwaji: daƙiƙa 1 bayan faɗuwar farko, 2 bayan ta biyu, haka har zuwa 60.

Wani abu da kan ruɗe mutane shi ne, ko da -t 0, akwai kurakuran da Wget ke ɗauka a matsayin ƙarshen magana. Idan shafin ya amsa da 404, ma'ana babu fayil ɗin, ba ta sake gwadawa, kuma daidai ne. Amma haka take yi idan uwar garke ta ƙi karɓar haɗi, ko idan ta kasa gano adireshin shafin, wanda shi ne abin da kan faru in rezo ya ɗauke gaba ɗaya. Maganin na farko --retry-connrefused, na biyu kuma --retry-on-host-error, wanda sabbin nau'o'in manhajar ke da shi. Duk mai niyyar barin kwamfuta tana aiki cikin dare ya kwanta, waɗannan biyun ne ke raba shi da takaicin safiya.

Inda mutane da yawa ke raba layi ɗaya, kamar ofis ko ɗakin intanet, Wget za ta iya shanye layin ta bar kowa yana kallon allo. Zaɓin --limit-rate=200k yana taƙaita ta ga kilobait 200 a daƙiƙa, kuma a wannan gudu giga 1 kan ɗauki kusan sa'a ɗaya da rabi. Akwai kuma -Q, misali -Q500m, mai tsayar da aiki idan jimillar ta kai mega 500. Amma ba ya aiki a kan fayil guda, sai a jerin fayiloli, kuma wanda aka riga aka fara sai ya ƙare. Mai ƙirga sauran datarsa kada ya dogara da shi ido rufe.

Sauran na yau da kullum ba su da wuya. -i jeri.txt yana karanta adireshi daga takarda, ɗaya a kowane layi. -P yana nuna jakar da za a zuba kaya. -b yana tura aikin bayan fage, rahoto na shiga wget-log. -N ba ya sauke fayil sai in na shafin ya fi na gida sabunta. Babban -O yana ba fayil suna, ƙaramin -o kuwa sunan takardar rahoto yake bayarwa, kuma masu koyo kan musanya su.

Kwafe shafi sukutum yana yiwuwa da -r, wanda ke bin mahaɗai zurfin hawa 5. A nan data ke ƙarewa ba a sani ba. -np yana hana ta hawa sama da jakar da aka nuna mata, -A pdf yana tace abin da za a ajiye, -w 2 kuma yana sa hutun daƙiƙa 2 tsakanin buƙatu, domin masu shafuka kan toshe wanda ya dame su. Shi kuma --no-check-certificate, da ake yawan ba da shawararsa idan kuskuren tsaro ya fito, kashe binciken sahihancin shafi yake yi. Sau tari laifin na agogon kwamfuta ne da ya koma wata shekara bayan batirinsa ya mutu, kuma gyara kwanan wata ya isa.

Wanda ya gaji da maimaita waɗannan haruffa zai iya rubuta su sau ɗaya a fayil mai suna .wgetrc cikin jakarsa ta gida, ko a /etc/wgetrc domin duk masu amfani da kwamfutar:

tries = 0
timeout = 30
waitretry = 60
retry_connrefused = on
limit_rate = 200k

Abin da aka rubuta a layin umarni yana rinjayar abin da ke cikin wannan fayil, saboda haka ranar da layi ya yi kyau ana iya ɗaga gudun ba tare da an taɓa shi ba. Ana iya ƙara continue = on, amma ya fi kyau a bar -c a hannu: idan ya zama na dindindin, duk fayil ɗin da ake sabuntawa da suna ɗaya, kamar jadawalin farashi ko sakamakon jarrabawa, yana iya saukowa rabi tsoho rabi sabo.