Salshiyas da Farenhait: Yadda Ake Juya Lissafin Zafi

Idan aka ce zafin Kano ya kai digiri 40 a watan Afrilu, mutumin Amurka zai ɗauka sanyi ake fama da shi, domin 40 a ma'auninsu bai wuce digiri 4 da 'yan kai a namu ba. Mu Salshiyas muka saba da shi, su kuma Farenhait.

Anders Celsius, masanin taurari ɗan ƙasar Suwidin, ya gabatar da nasa ma'aunin a 1742. A tsarin da ake bi yau, ruwa na daskarewa a 0, ya tafasa a 100. Na Daniel Fahrenheit ya girme shi, tun 1724 yake: daskarewa a 32, tafasa a 212.

Juya lissafin ba wuya. Ka ninka Salshiyas sau 1.8, ka ƙara 32. Ka ga 40 ɗin Kano ya zama 104. In za ka komo baya, fara cire 32, sannan ka raba da 1.8.

Inda abin ya fi muhimmanci shi ne gefen gadon mara lafiya. Na'urorin auna zafin jiki da yawa suna nuna ma'aunan biyu, sai a duba ɗan harafin da ke gefen lamba, C ne ko F. Uwa ta ga 99 kada hankalinta ya tashi, 37.2 ke nan, kusan zafin lafiyayyen jiki. Zazzaɓi na farawa daga 38, wato 100.4. Amma yaro ya nuna 103, wannan 39.4 ne, a garzaya da shi asibiti.

Masana kimiyya kuwa Kelbin suke amfani da shi: a ƙara 273.15 a kan Salshiyas kawai.