Da Ido Ake Walda

Akwai wata magana da na gaji da jinta a bakin masu walda na gefen titi, ga shi yanzu ta fara shiga gidajen mutane: wai ido yana sabawa da wutar walda. Wai sabon shiga ne yake ɓuya a bayan garkuwa. Gwani kuwa sai ya ɗora sanda, ya runtse ido ko ya kau da kai, ya ɗiga, ya buɗe ya duba, ya sake ɗigawa. In an matsa masa ya maƙala baƙin tabarau irin na 'yan acaɓa. Da daddare in idon ya tashi, a ɗiga masa madara ko ruwan sukari, gari na wayewa ya koma bakin aiki.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne masu dawowa sana'ar bayan sun daɗe da barinta. Tun da ƙananan injinan inbata suka cika kasuwa, irin waɗanda mutum zai rataya a kafaɗa, mutane da dama sun waiwayi abin da suka koya a makarantar fasaha ko a shagon wani kawu tun suna samari. Wannan ya yi ritaya yana son gyara ƙyauren gidansa da hannunsa, wancan yana kiwon kaji yana son haɗa keji, wani kuma sha'awa ce kawai. Sai ya kunna inji, sanda ta yi ta maƙalewa, ɗinkin ya fito guntu-guntu. Ya ce hannunsa ya mutu. Ya je neman shawara wurin mai walda na unguwa, a ce masa: "Alhaji, ajiye wannan garkuwar, ita ce take hana ka gani." Ya dawo gida da muguwar shawara yana godiya.

Waldar sanda ba ta da wani sirri. Lantarki ne yake tsallake ɗan giɓin da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe, zafin wurin ya haura digiri 3,000, alhali ƙarfe yana narkewa tun a wajen digiri 1,500. Sandar ta narke, gefen ƙarafan biyu su narke, duk su haɗu a ɗan tafki guda. Garin da aka lulluɓe sandar da shi, dabarar da wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Oscar Kjellberg ya fito da ita a 1907, yana ƙonewa ya kare tafkin daga iska, sauransa ya taso sama ya daskare ya zama ɓawon da ake ɓanɓarewa.

To, wannan ɗan tafkin shi ne aikin gaba ɗaya. Wanda ya leƙa ta gilashin da ya dace zai ga wutar a bakin sanda, a bayanta ga narkakken ƙarfe yana sheƙi, a bayansa kuma ga narkakken ɓawo mai duhu-duhu yana yawo a sama. In tafkin ya tsuke ya yi tsini, kana sauri. In ya baje ya fara lotsawa, ka daɗe a wuri ɗaya, saura ƙiris ka huda ƙarfen. In ɓawo ya tsere ya shiga gaban sanda, ka ƙara karkata ta. In tafkin ya kama gefe ɗaya ya bar ɗayan, ɗinkin nan bai riƙe komai ba. Duk wannan yana faruwa ne a cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma hannu ba ya jin ko ɗaya daga ciki. Wanda ya runtse ido ya ɗiga, me ya gani? Canki-canka yake yi da ƙarfen mutane.

Ga abin da ɗige-ɗigen nan yake haifarwa. Duk lokacin da ka ɗaga sanda, ɓawo yana daskarewa a kan ɗigon. Ka sake ɗigawa a kansa ba ka ɓanɓare ba, ka binne datti a tsakiyar ɗinki. A ƙarshe abin da ke riƙe da ƙarafan jerin dunƙule ne, kowanne da ɓawo tsakaninsa da ɗan'uwansa. Sai a bi da injin goge ƙarfe a lallashe, a cike ramukan da fila, a shafa fenti, mai kaya ya biya yana murna. Kowa ya taɓa ganin ƙyauren da ya saki daga wurin hinji tun fentinsa bai dusashe ba. In ƙyaure ne da sauƙi. In ƙafar tankin ruwa ce fa, yara suna wasa a ƙarƙashi?

Ban ce ɗagawa da saukewa haramun ne ba. A kan bututu mara kauri dole a riƙa katse wuta don kada ya huje. Amma wanda ya iya yana yin haka ne yana kallo ta gilashi, yana mayar da sanda tun wurin yana ja, kafin ɓawon ya yi tauri.

Mu koma kan batun sabo. Ido ba ya sabawa, mai idon ne yake sabawa da azaba. Wutar walda tana fitar da wani haske da ba a gani, irin wanda ke cikin hasken rana yana ƙona fata, sai dai a nan yana gab da fuskarka. Yana ƙona fatar da ke saman ƙwayar ido. Ba a ji a take. Sai bayan awa 6 zuwa 12, yawanci cikin dare, mutum ya farka yana jin yashi a ido, hawaye na zuba, ko fitila ba ya son gani. Wannan fatar tana sake tsirowa da kanta cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma a nan ne madara take cin yabon da ba nata ba: da an ɗiga da ba a ɗiga ba, idon zai lafa. Abin da madara da ruwan sukari suke iya yi shi ne su kai ƙwayoyin cuta kan idon da yake a kwaile. Haka ma maganin kashe zafi na ɗigawa da wasu ke saye a kemis suna ajiyewa a shago: yawan ɗiga shi yana hana idon warkewa, yana iya kai shi ga gyambo. Abin yi shi ne a zauna a ɗaki mai duhu, a ɗora tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan rufaffen ido, a sha farasitamol, kada a murza. In an kwana an yini bai lafa ba, ko gani ya dusashe, ko ana zaton ɓarɓashin ƙarfe ya shiga, a tafi asibitin ido.

Wannan na kwana ɗaya ke nan. Na shekaru kuwa yana taruwa a hankali: yanar ido, da naman da ke tsirowa daga farin ido yana nufar baƙin. A 2017 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Liyon na Faransa, ta sanya hasken walda da hayaƙinta duka biyu a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo wa ɗan'adam cutar daji, hasken a ido, hayaƙin a huhu. Gwangwanin madarar da ake shanyewa bayan an tashi aiki wai don ya wanke hayaƙi, ciki yake zuwa, hayaƙin kuwa yana huhu. A sha don daɗi, amma maganin hayaƙi shi ne aiki a fili da kau da kai daga inda yake tashi, musamman a kan bututun galbanaiz, wanda farin hayaƙinsa yake sa zazzaɓi da dare.

Tabarau kuma fa? Gilashin walda lamba gare shi. Na waldar gas lamba 5 ne. Waldar sanda irin ta gida tana son lamba 10 ko 11. Tabaran kasuwa bai kai ko na gas ɗin ba, ga gefensa a buɗe, ga fuska da wuya a waje suna gasuwa.

Yanzu kai da ka dawo bayan shekaru. Kafin ka zargi hannunka, tuna cewa idon da ka koyi walda da shi na saurayi ne. Daga shekara 40 ganin kusa yana raguwa. In da tabarau kake karanta saƙo a waya, to da shi za ka yi walda, a ƙarƙashin garkuwa. Akwai ma ɗan gilashin ƙara girma da ake sakawa a cikin garkuwar. Farin gilashin da ke gaban baƙin, wanda tartsatsi yake ci, a canza shi da zarar ya yi dishi-dishi. In da hali, sayi hular da ake sawa a kai mai yin duhu da kanta in wuta ta tashi. Babban amfaninta shi ne ta sakar maka hannu na biyu, kuma kana ganin inda za ka ɗora sanda kafin ka kunna.

Sanda: wadda ta cika kasuwa ita ce 6013, kuma ta ishe ka. Geji 12, wato milimita 2.5, tana son amfiya 60 zuwa 90. Geji 10, milimita 3.2, tana son 90 zuwa 130. Masu dawowa sun cika rage wuta don tsoron huda ƙarfe, shi ya sa sanda take maƙale musu. Fara daga tsakiya, ka riƙa ƙarawa biyar-biyar. In tartsatsi ya yi yawa, gefen ɗinki ya zaizaye ya bar kwari, sanda ta yi ja tun ba ta kai rabi ba, ka zarce, rage. Sandar da ta sha danshin damina tana tofi tana barin ƙananan ramuka, don haka a ajiye ta a rufaffen gwangwani a busasshen wuri.

Giɓin da ke tsakanin bakin sanda da ƙarfe kada ya wuce kaurin ƙarfen cikin sandar. Nan ne hannun da ya daɗe bai yi ba yake kuskure, domin sanda tana cinyewa, kai kuma ka manta ka riƙa sauke hannu. Kunne yana taimakawa: in giɓin ya yi daidai za ka ji ƙara a jere kamar ta ƙosai a cikin mai, in ya yi nisa sai ta koma huci da fashe-fashe. Karkata sandar kaɗan, digiri 10 zuwa 15 daga tsaye, zuwa ɓangaren da ka nufa, ka ja ta, kada ka tura. Faɗin ɗinki ya zama ninki biyu zuwa uku na kaurin sanda. Bar lilo da zane-zane sai ka iya miƙaƙƙen layi tukuna.

Zauna in da wurin zama. Jingina gwiwar hannu a kan benci, hannun hagu ya tallafi na dama. Kafin ka kunna, bi layin da sanda ba wuta, ka tabbata hannunka zai kai ƙarshe ba tare da ka miƙe ba. Goge tsatsa da fenti da maiƙo har ƙarfe ya yi fari, har da wurin da za ka maƙala wayar injin ta biyu, wadda ke kama ƙarfen aikin. Al'adar nan ta jera guntayen rodi a ƙasa su zama waya, a danne da dutse, tana cinye wuta tun ba ta iso aikin ba. Raunin lantarki da siririyar waya mai tsawo su ma suna ɓata ɗinki. Tankin mai ko duron da ya taɓa ɗaukar fetur kuwa, kada ka kusance shi da wuta ko da an rantse maka an wanke.

Sai gwaji. Nemi fallen ƙarfe mai kaurin milimita 6, ja layuka da alli, cika shi da ɗinki, layi na hawa rabin na baya, kana ɓanɓare ɓawo kana dubawa bayan kowanne. In ɓawon ya ɗago da kansa ko ya fita da taɓi ɗaya, ka kusa. Daga nan haɗa ƙarfe biyu a tsaye da kwance, yi ɗinki a gefe ɗaya, matse shi ka sa guduma har ya karye. Dubi cikin karayar. In ka ga baƙin datti, ko ramuka, ko gefen ƙarfen yana nan da kaifinsa bai narke ba, wannan hannun bai isa taɓa abin da zai ɗauki nauyi ba tukuna, kome kyan ɗinkin daga waje.

Ku kuma iyayen gida masu shaguna, yaran da aka kawo muku amana ce. Yaro yana riƙe muku ƙarfe, fuskarsa taki ɗaya daga wuta, ba abin da ya tsare shi sai tafin hannunsa, kuna ce masa zai saba. Ku saya wa kowane yaro garkuwa, ku kafa ko da tsohon kwano ne tsakanin wutarku da masu wucewa. Gilashi mai lamba 10 bai kai kuɗin kwalin sanda ɗaya ba.