Allurar da Babu a Gaban Direban Fagam

A watan Afrilu, lokacin da zafin rana a kudancin Jigawa kan haura digiri 40, je ka tsaya a tashar Gwaram ka dubi Golf ɗin da ke lodin Fagam. Biyu a gaba ban da direba, huɗu a baya, but a buɗe an ɗaure buhuna da igiya. Motar da Jamusawa suka ƙera don ɗan ƙaramin iyali, ga ta za ta nufi ƙasar duwatsu tana nishi a giya ta biyu da ta uku. Idon direba na kan allura ɗaya, mai nuna zafin ruwan lagireto. Muddin tana tsakiya, hankalinsa kwance.

Sai dai wannan allura ba ta da labarin baƙin mai, alhali shi ne ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Masu ƙera motocin tsere sun daɗe da sanin haka. Porsche 911, wadda ta shiga kasuwa a 1964, ta kai har 1998 ba ta amfani da ruwa wajen sanyaya inji. Iska da mai ne ke wannan aiki. Shi ya sa a cikin agogo biyar da ke gaban direbanta aka ware wa mai allurar zafi, da ta ƙarfin bugawar famfo, da ta yawansa a tanki. Tana ɗaukar mai fiye da lita goma, Golf kuwa kusan huɗu. Dattawan direbobi za su tuna Volkswagen mai siffar kunkuru da aka riƙa haɗawa a Legas daga 1975. Ita ma iska ke sanyaya ta, amma ba a ba ta allurar zafin mai ba, sai 'yar fitila kawai.

A ganina, wahalar da injin Golf ɗin haya ke sha tsakanin Birnin Kudu da Gwaram da Fagam ba ta da nisa da ta motar da ke zagaye a filin tsere. Wannan gudu ke cin ta, waccan nauyi da hawa da zafin gari. Ga mai, duk kanwar ja ce: an taka totur an daɗe ba a saki ba.

Mai ya fi son zama tsakanin digiri 90 da 110. A nan yake da kaurin da aka auna shi da shi, domin lambar ƙarshe da ke jikin galan, kamar 50 ɗin 20W-50, a digiri 100 ake gwada ta. Idan ya wuce 120 zuwa 130, man gama-gari sai ya tsinke kamar kokon da aka cika wa ruwa, kuma lalacewarsa kan kusa ninkawa da kowane ƙarin digiri goma. Man da aka sarrafa a masana'anta, mai tsadar nan, ya fi juriya, yana iya kaiwa wajen 150. Amma wa ya san wanda aka zuba masa, in daga durom aka auno da gwangwani a bakin titi?

Ita kanta allurar ruwan ba ta faɗin gaskiya duka. A motoci da yawa na zamani kamfani ya saita ta ta kafe a 90 ko da ainihin zafin yana sama yana ƙasa, don kada mai mota ya riƙa firgita. Ba ta motsawa sai abu ya yi nisa. Jar fitilar nan mai hoton buta kuwa ba zafi take aunawa ba, ƙarfin bugawar mai ne, kuma ba ta kamawa sai ya faɗi warwas. Kafin ka gangara gefen hanya, wataƙila injin ya riga ya buga. A tsofaffin Golf akwai ƙararrawar da ke kuka idan bugawar man ta yi rauni alhali inji na juyawa sama da 2,000 a minti. Idan ta dami direba, sau da yawa maganin da ake yi mata a gareji shi ne a cire wayarta.

Akwai kuma kuskure ta ɗaya gefen. Mota na isowa daga Turai, wasu makanikai kan cire tamostat, ɗan marfin da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, su haɗa fanka kai tsaye, wai kayan ƙasar sanyi ne. Da asubahin hunturu, injin da aka yi wa haka kan yi tafiya mai nisa bai kai zafin aikinsa ba. Raɓar da ta taru a ciki da fetur ɗin da ya zurara ba za su ƙafe daga man ba, sai ya zama laka. Ko da tamostat, mai ya fi ruwa jinkirin ɗumama. Saboda haka ne BMW M3 ta shekarar 2000 ta zo da fitilu a gefen agogon juyin inji, waɗanda ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya yayin da inji ke ɗumama, suna gargaɗin direba kada ya taka da wuri.

Abin dariya, wasu Golf 2 da Golf 3, musamman samfurin GTI, suna da ma'aunin zafin mai tun daga kamfani. Ɗan maɓalli ne a jikin sandar waifa. In ka yi ta dannawa, ƙaramin allon da ke nuna lokaci zai kawo hoton buta da lambar zafin mai. Wadda ba ta da shi, mai gyaran waya zai iya ɗaura mata agogo, ya dasa ma'aunin a mazaunin matatar mai ko a noti na juye. Ranar da lambar ta doshi 130 a kan hawa, sai direba ya sassauta ƙafa, ya samu inuwa ya tsaya, ya bar injin yana juyawa a hankali na 'yan mintuna kafin ya kashe, fasinja su sauka su sha ruwa.