Cutar Fakinsan da Muhimmancin Gane Ta da Wuri

Fakinsan cuta ce ta ƙwaƙwalwa wadda wani likitan Ingila, James Parkinson, ya fara bayyana ta a rubuce a shekarar 1817. Tana samuwa ne yayin da ƙwayoyin da ke samar da sinadarin dofamin suka riƙa mutuwa. Manyan alamominta su ne karkarwar hannu, da sandarewar gaɓoɓi, da nawar motsi, da ƙanƙancewar rubutu. Amma dushewar jin ƙanshi da shure-shure cikin barci sukan riga su bayyana da shekaru.

A shekarar 2023, masana a Jami'ar Kadif ta Birtaniya sun nuna cewa na'urar auna motsi da ake ɗaurawa a hannu tana iya hasko cutar har shekara bakwai kafin likita ya tabbatar da ita.

A karkara kuwa, kamar Karare ta ƙasar Batsari, akan ɗora irin wannan karkarwa a kan tsufa ko sammu. Ya kamata malamin da ya lura da ita ya shawarci iyalin dattijon su kai shi asibiti a Katsina, domin maganin lebodofa yana sassauta alamomin, ko da yake ba ya warkar da cutar.