Daga Dogon Dutsi zuwa ɗakin gwaji: yadda ake adana kashin maciji kafin likita ya duba shi

Maciji ba ya kuka idan ciki ya dame shi. Sai dai ya ƙi cin abinci, ko ya ci ya amayar, ya yi ta ramewa har fatarsa ta saki. Shi ya sa likitocin dabbobi suke dogara da kashinsa wajen gano tsutsar ciki da sauran ƙwayoyin cuta. Ga gardawa masu yawo da macizai a kasuwannin ƙasar Hausa, da matasan da suka fara ajiye mesa a gida don sha'awa, matsalar ɗaya ce: ta yaya wannan ɗan kashi zai isa gaban likita bai lalace ba?

Matsalar ta fi tsanani a yankin Arewa na jihar Dosso, wato gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri. Babban ɗakin gwaje-gwajen kiwo na ƙasa, LABOCEL, yana Yamai, sama da kilomita 270 daga garin Dogon Dutsi a kan babbar hanyar da ta ratsa Dosso. Wanda ke Matankari, Geceme ko Dumega kuwa sai ya fara fitowa bakin titi. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, kuma a irin wannan yanayi kashi ba ya jira.

Me ya sa samfurin ke lalacewa?

Abin da likita yake nema a madubinsa shi ne ƙwan tsutsa. Ana dama kashin a ruwan gishiri mai kauri, ƙwan ya taso sama, a ɗebe shi a duba. To amma ƙwan wasu tsutsotsi yana ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya idan ya samu ɗumi da iska. Da zarar ya fashe, ruwan gishiri ba zai taso da shi ba, sai sakamako ya nuna babu komai alhali macijin cike yake da tsutsa. Wasu ƙananan halittu masu motsi, irin su amiba, sun fi haka saurin mutuwa, don sai kashin yana sabo ake iya ganinsu suna motsi.

Ga kuma halin maciji. Tunkiya tana kashi sau da yawa a yini, shi kuwa maciji yakan yi mako ɗaya ko makonni bai yi ba, gwargwadon girmansa da abin da ya haɗiye. Idan samfuri ɗaya ya lalace, sai an sake dogon jira, cutar kuma tana ci gaba da cin dabbar.

Yadda ake ɗauka da ajiyewa

Ƙa'idar da likitocin dabbobi suke bi ba ta da wahala. A sa safar hannu ko a rufe hannu da leda mai tsabta. A ɗebi ɓangaren nan mai duhu, domin farin abin da ke fita tare da shi kamar alli fitsarin maciji ne, ba shi ake nema ba. Kamar cikin ƙaramin cokali ya isa. A guji haɗa shi da ƙasa ko yashi, saboda ƙasa tana da nata tsutsotsin da za su rikita mai dubawa. Wanda yake jiran samfuri zai iya shimfiɗa takarda mai tsabta a akwatin macijin.

Sai a zuba a kwalba mai murfi ko leda mai kauri, a matse iskar a ɗaure, a sake sakawa a wata ledar. A rubuta ranar da aka ɗauka da lokacin, irin macijin, abin da ya ci na ƙarshe, da duk wani magani da aka ba shi. Bayanin abincin yana da amfani ƙwarai: macijin da ya haɗiye ɓera yakan fitar da ƙwan tsutsar ɓeran, wadda ba ta cutar da shi. Idan likita bai sani ba, zai iya ba da maganin da ba a bukata.

Wurin ajiya shi ne sanyin firiji, wajen digiri 4, kuma a kai samfurin cikin awa 24. Kada a sa shi inda yake daskarewa, domin ƙanƙara tana fasa ƙwan. Inda babu firiji ko wuta ba ta tsayawa, kula mai ƙanƙara tana aiki, amma a naɗe kwalbar da tsumma don kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Kada a ɗora kular a saman mota cikin rana. Idan tafiyar za ta ɗauki kwanaki, jami'in kiwo yana iya zuba samfurin a ruwan formalin mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, wanda yake tsayar da ƙwan yadda yake. Formalin guba ne, aikin jami'i ne, ba na gida ba. Don haka ƙofar farko ita ce ma'aikatar kiwo ta gunduma, kuma ya fi kyau a tuntuɓe su tun kafin macijin ya yi kashin. Idan jiran ya yi tsawo, likita yana iya wanke mafitar macijin da ruwa na musamman ya samu abin dubawa.

Gwaji ɗaya kuma ba ya wanke maciji. Ƙwayar Cryptosporidium serpentis, wadda take kumbura tumbin maciji ta sa shi amai, ba kullum take fita a kashi ba, shi ya sa ake maimaita gwajin. Har yau ba ta da tabbataccen magani, kuma tana yaɗuwa tsakanin macizan da ke zaune wuri ɗaya.

Haɗarin bai tsaya kan maciji ba

Kashin maciji yana iya cutar da mutanen gida. Macizai da ƙadangaru da kunkuru sukan ɗauki ƙwayar Salmonella ba tare da sun nuna alama ba, ita kuwa tana kawo gudawa da zazzaɓi, musamman ga yara ƙanana. Saboda ita ne Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru a 1975. A Afirka ta Yamma akwai ƙarin wata halitta mai kama da tsutsa, Armillifer armillatus, da ke zama a huhun mesa da kasa. Ƙwanta yana fita a kashi da majinar maciji, kuma an samu mutanen da ta shiga hantarsu a Najeriya da wasu ƙasashen yankin. Don haka samfurin kada ya kusanci tuwo, nono ko ruwan sha. In dole ne a sa a firijin gida, to a cikin rufaffen mazubi daban, a kuma wanke hannu da sabulu.

Akwai kuma batun doka. Mesa tana cikin dabbobin da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe, kuma Nijar tana da dokar farauta da kare namun daji ta 1998. 'Yan ci-rani da ke Turai da Amurka sun san ƙaramar mesar nan da ake fitarwa daga Gana, Togo da Benin tana cika shagunan dabbobi, amma kamo maciji daga daji a ajiye a gida al'amari ne da ya shafi ma'aikatan gandun daji. Macizai masu dafi kamar kububuwa da kumurci kuwa ba abin ajiya ba ne ga kowa.

Darasin ya shafi garke ma

Mafi yawan mutanen Arewa ba maciji suke kiwo ba, tumaki ne da awaki da shanu, kuma ƙa'idar ɗaya ce. Tsutsar tumbi ta Haemonchus contortus tana shan jinin tunkiya, macenta guda tana saka dubban ƙwai a rana, ta fi kuma yin ɓarna da damina. A fadamun Dallol Mawri, inda ruwa yake kwanciya, dabbobi suna iya ɗaukar tsutsar hanta. Da hanyar ƙirga ƙwai ta McMaster, wadda aka fito da ita a Ostireliya a 1939, jami'i yana iya faɗin yawan ƙwai a kowane giram na kashi, daga nan a san ko dabba tana bukatar magani.

Wannan ya shafi aljihun duk wanda yake aiko kuɗi daga Legas, Kwatano ko Abijan don a yi masa turkar ragon layya. Ƙwayar albendazole da ake saye a kasuwa a ɗura wa dabba ba tare da gwaji ba tana iya zama asarar kuɗi, kuma yawan ba da ita ba bisa ƙa'ida ba yana sa tsutsa ta daina jin magani. Ga maciji abin ya fi haɗari, don ana auna maganinsa ne da nauyin jikinsa, kuskure kaɗan yana iya kashe shi. Kuɗin ƙanƙara da na mota zuwa wurin jami'in kiwo ba su kai kuɗin rago ɗaya da ya mutu ba.