Wasiƙar Imel Wadda Ake Shakka: Yadda Za A Buɗe Ta A Ofishin Hakimi

A zamanin da, in takarda ta zo wa hakimi daga fadar Daura, ba a shan wahala wajen gane ta. Jakadan da ya kawo ta sananne ne, hatimin Sarki yana bisa kanta, magatakarda kuwa ya san hannun takwaransa na fada. Yanzu takardu da yawa ta imel suke zuwa, cikin kwamfuta ko wayar hannu, ba jakada, ba hannun marubuci. Tambarin Gwamnati kuwa, ko yaro yana iya kwafo shi daga intanet ya liƙa a takardar ƙarya.

Gari na bakin iyaka kamar Babban Mutum, a ƙasar Baure, kullum yana ma'amala da ma'aikatan Kwastan da na Shige da Fice. Saboda haka wasiƙa da sunan waɗannan hukumomi ba abin mamaki ba ce a can, macuta kuwa sun san haka. Sukan rubuto cewa za a yi gwanjon motocin da aka kama, ko za a ɗauki samari aiki, a aiko da sunaye da lambar NIN da kuɗin fom kafin gobe. Wuyar al'amarin ita ce, Gwamnati ma takan nemi sunaye daga hannun hakimai. Magatakardan da ya share kowace wasiƙa don tsoro, wata rana zai share kiran taro na gaske daga Katsina, ya sa ubangidansa cikin kunya. Wanda ya bi kowace wasiƙa kuwa zai sa talakawa asara da sunan hakimi, wannan ya fi muni.

Karanta wasiƙa da ido kaɗai ba ya cika jawo ɓarna. Haɗarin yana wurin taɓa linki, da buɗe takardar da aka maƙala, da mayar da amsa. Don haka magatakarda ya karanta tukuna, kada ya taɓa kome.

Sa'an nan ya duba adireshin da wasiƙar ta fito, watau ba sunan da aka rubuta a sama ba, gama kowa yana iya kiran kansa Kwanturola. Ma'aikatun Gwamnatin Tarayya da na Jiha, adireshinsu na hukuma yana ƙarewa da gov.ng. Macuci yakan sauya harafi ɗaya, ko ya sa gov.ng a tsakiya, wani abu dabam ya biyo baya. Amma fa kyan adireshi bai isa shaida ba, domin ana satar akwatin imel na ma'aikacin gaskiya a yi aike da shi. Har wa yau akwai ma'aikatan gaskiya masu aiki da Gmail, ko da yake bai kamata ba. Linki ma ana iya ganin inda ya nufa ba tare da an shiga ba: a kwamfuta a ɗora kibiya a kansa kada a danna, a waya a ɗora yatsa a riƙe.

Babbar dabara ita ce tambaya ta wata hanya dabam. A buga waya ga ofishin da aka ce shi ya aiko, da lambar da ke cikin littafin ofis tun da daɗewa. Kada a kira lambar da ke cikin wasiƙar, gama wannan kamar a tambayi ɓarawo ne ko shi ɓarawo ne. In sunan Kwastan aka ambata, masinja ya taka zuwa ofishinsu na bakin iyaka. In na fada ne, a tambayi Sakataren Majalisar Sarki. Kada wani ya ga wannan ƙauyanci ne. A zamanin nan ma, tsakanin 2013 da 2015, wani mutumin Lituwaniya, Evaldas Rimasauskas, ya karɓe fiye da dala miliyan 100 daga kamfanonin Google da Facebook da takardun biya na ƙarya ta imel. An yanke masa ɗaurin shekara 5 a Amurka cikin 2019.

In an tabbata wasiƙar ta gaske ce, a buɗe takardar da aka maƙala a duba ta cikin akwatin imel ɗin, ba lalle sai an sauke ta cikin kwamfuta ba. Wadda sunanta ya ƙare da exe, ko apk, ko wadda ta nemi a ba ta izinin yin wani aiki kafin a karanta ta, a bar ta. Lambar sirri ta katin banki, da lambar da banki ke aikowa ta waya, ba a ba kowa, ko da wasiƙar ta zo da sunan bankin.

In an riga an danna, kada magatakarda ya ɓoye wa hakimi. A kashe intanet nan take, a sake kalmar sirri daga wata na'ura, a gaya wa banki ya rufe kati. Wasiƙar kuwa kada a share ta, gama shaida ce. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hana irin wannan zamba, ana kai ƙara wurin 'yan sanda ko Hukumar EFCC. A rubuta ranar da ta zo da adireshinta cikin littafin wasiƙu, a sanar da dagatai da masu unguwanni domin a yi shela ranar kasuwa.